Wanda ya sayar da mijina yana zama a majami'a ɗaya da mu

Tambaya:

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a wani ƙauye a Kudancin Kaduna, noman citta muke yi. Tun da cuta ta cinye mana citta a 2023, da ƙyar muka farfaɗo. Maigidana ya kai kaya kasuwa ya sayar, bayan kwana uku 'yan bindiga suka shigo da dare, suka wuce gidaje da yawa, suka buga ƙofarmu suna kiran sunansa. Ya yi kusan wata biyu a daji. Sai da muka sayar da babur da shanun huɗa da fadamarmu kafin muka haɗa kuɗin fansa.

Da ya dawo ya gaya mini cewa a can ya ji suna waya da wani, ya kuma gane muryar. Amininsa ne, wanda ya yi masa abokin ango, suna ƙungiyar mawaƙa tare, shi ne ma ya raka shi kasuwa ranar. Shi ya fi kowa kai da kawowa lokacin da muke tara kuɗin. Har yau yana zuwa sujada, yana cin jibin Ubangiji, yana gaishe ni.

Ƙannen mijina suna so su ɗauki mataki da hannunsu. Wani dattijon ikilisiya ya ce mu yafe mu rufe maganar, ya ce in muka bar ƙauyen rashin bangaskiya ne. Maigidana ba ya barci. Ni kuwa na kasa addu'a, in na durƙusa bakina ba ya buɗuwa. Mama, ta yaya zan dogara ga Allah alhali ya ga duk wannan ya yi shiru?

Amsa:

'Yata, sannu. Sannu ƙwarai da wannan nauyi. Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce ina yi masa barka da arziki, domin da yawa sun shiga dajin nan ba su fito ba. Na san maganar addu'a ce ta fi ci miki rai, kuma zan zo kanta. Amma akwai wadda ba za ta jira ba, ita ce ta ƙannen mijinki.

Ki roƙe su. In ya kama ki durƙusa musu, ki durƙusa. Ki sa surukarki ko babban wan gidan ya zaunar da su tun yau. In mutumin nan da gaske ɗan leƙen asirin 'yan daji ne, ranar da aka taɓa shi mutanensa za su zo ramuwa, kuma ƙofar da suka riga suka sani ita ce taku. In kuwa ba shi ba ne, an ɗora wa gidanku jinin marar laifi. Ko ta wace hanya, samarin nan gidan yari za su ƙare, gaskiyar kuma ta bi shi kabari: ba a san da wa yake aiki ba, ba a san gidan wa ke biye ba.

Ban ce mijinki bai ji daidai ba. Mutum ya san muryar amininsa, kuma waɗanda suka tsallake gidaje suka zo suna kiran suna, wani ne ya nuna musu. Da ɗan gari akan ci gari. Sai dai muryar da mutum ya ji ta waya yana ɗaure, ga yunwa ga duka, ta isa a yi bincike a kanta, ba ta isa a yanke hukunci ba. Akwai kuma waɗanda aka ɗora wa bindiga a ka aka ce ko su ba da labari ko a ɗauki 'ya'yansu. Wannan bai wanke kowa ba, amma ya nuna cewa maganar ta fi ƙarfin samari masu fushi da adda a hannu.

Rufe ta kuma ba daidai ba ne. A Romawa 12:19 Bulus ya ce kada mu yi ramuwa da kanmu, mu bar wa Allah. Ayoyi kaɗan bayan haka, a 13:4, ya ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba, bawan Allah ne don hukunta mai mugunta. Wasiƙa ɗaya ce, mutum ɗaya ya rubuta. Don haka maigidanki ya zauna ya rubuta duk abin da ya tuna tun kafin ya dushe: ranar da ya ji wayar, abin da aka faɗa, lambobin da aka riƙa kiranku da su wajen cinikin fansa, inda aka kai kuɗin, da wanda ya kai. Kada ku goge ko saƙo ɗaya daga wayoyinku, domin jami'an tsaro na iya neman bayanan kira daga kamfanonin waya, kuma a nan ne gaskiya takan fito. Ku kai maganar sama, sashen yaƙi da masu garkuwa da mutane a hedikwatar 'yan sandan jiha ko ofishin DSS, tare da lauya ko wani babban fasto daga gundumarku da kuka amince da shi. Kada a yi ta a bakin rijiya ko wajen injin niƙa. Kada ma a kawo ta taron Zumuntar Mata da sunan roƙon addu'a, domin kafin a rufe taro da albarka ta riga ta kai kunnensa.

Dattijon da ya yi muku magana, ki girmama shi, na tabbata zaman lafiya yake nema. Amma ya haɗa abubuwa biyu da Littafi Mai Tsarki ya raba. Ki buɗe 2 Timoti 4:14-17. Bulus yana kurkuku, yana ganin mutuwarsa ta kusa. Ya ambaci Iskandari maƙerin tagulla da sunansa, ya ce ya yi masa mugunta ƙwarai, ya ce Ubangiji zai sāka masa gwargwadon aikinsa, sa'an nan ya gargaɗi Timoti ya yi hankali da shi. Waɗanda suka watse suka bar shi shi kaɗai ranar da ya fara kare kansa a gaban shari'a kuwa, ya roƙa kada a lasafta musu. Kin ga bai ɗauki fansa ba, bai kuma ɓoye sunan mai cutarwa don wani ya sake faɗawa hannunsa ba. Gafara ita ce ki sauke haƙƙin ramuwa daga hannunki ki miƙa wa Allah, kuma takan ɗauki lokaci; kada kowa ya sa miki wa'adi. Amana kuwa wani abu ne dabam. Ba a ce ki sake buɗe masa ƙofar ɗakinki ko ki gaya masa ranar da za ku kai kaya kasuwa ba. Yesu da kansa, in ji Yahaya 2:24-25, bai amince da kansa ga wasu da suka ce sun gaskata da shi ba, domin ya san abin da ke cikin mutum. Fastonku ya kamata ya ji wannan magana daga bakin maigidanki, su biyu kawai, domin batun jibin Ubangiji da horon ikilisiya nauyinsa ne, kuma sauran tumakin ma suna cikin haɗari.

Batun barin ƙauye, a nan ban yarda da dattijon ba ko kaɗan. A 1 Sama'ila 23 Dawuda ya ceci garin Kaila daga hannun Filistiyawa da ke washe musu masussukai. Da ya ji Saul na zuwa, ya tambayi Ubangiji ko mutanen Kaila za su bashe shi. Ubangiji ya ce za su yi. Mutanen da ya zubar da gumi dominsu ke nan. Dawuda bai tsaya ya ce zai gwada bangaskiyarsa ba, ya kwashi mutanensa wajen 600 ya fita. A Ayyukan Manzanni 23 Ubangiji ya tsaya kusa da Bulus da dare ya tabbatar masa cewa zai kai Roma. Washegari mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa ba za su ci ba za su sha ba sai sun kashe shi. Ɗan 'yar'uwarsa ya ji, ya zo ya faɗa masa. Ga alkawarin Allah a hannunsa, duk da haka Bulus ya tura yaron wurin shugaban sojoji, aka fitar da shi cikin dare zuwa Kaisariya da rakiyar sojoji 200, mahaya 70 da masu māsu 200. Ta hannun yaron nan da sojojin nan Allah ya cika maganarsa.

A ganina ku ɗaga, ko da na wani lokaci ne, kuma ku ɗaga kafin ku kai rahoto. Gidan da ya taɓa biya an san yana iya biya, kuma da zarar bincike ya fara, haɗarinku zai ƙaru. Ku ba wani ɗan'uwa aron gonar da ta rage. Waɗanda suka zaɓi zama ban ga laifinsu ba, wasu ba su da inda za su, wasu kuma Allah ya ba su nauyin tsayawa. Amma kada wani ya auna bangaskiyarki da inda kika shimfiɗa wa 'ya'yanki tabarma.

To, mu zo kan bakin da ya ƙi buɗuwa.

Ki ɗauki Zabura 55 ki karanta da ƙarfi, ko da zuciyarki ba ta bin bakinki. Za ki tarar wani ya riga ki faɗin abin da kika kasa faɗi. Mai zaburar ya ce zuciyarsa na azaba, tsoro da rawar jiki sun kama shi, ya ce da ma yana da fikafikai kamar kurciya ya tashi ya tafi nesa ya huta. Daga aya ta 12 ya fito da ainihin ciwon. Ya ce da maƙiyi ne ya zage shi da ya jure, da mai ƙinsa ne da ya ɓuya masa. Amma tsaransa ne, abokinsa, amininsa, wanda suke hira mai daɗi, suke tafiya Haikalin Allah tare cikin taro. Ya ce bakin aminin nan ya fi man shanu taushi amma yaƙi ne a zuciyarsa. Akwai ayoyin da ya roƙi hukunci mai zafi a kan maƙiyansa, irin maganar da za ki ji kunyar faɗi a gaban fasto. Allah bai share su daga littafinsa ba. Ya bar su domin mai irin ciwonki ya san cewa ana iya kawo fushi gabansa ɗanye yadda yake. Gara ki zuba shi a gaban Allah da ki haɗiye shi ya zama dafi, ko ya fita ta hannun ƙannen mijinki. Kuma a wannan zabura ɗin ce, bayan duk kukan, aka ce ka ɗora wa Ubangiji nauyinka, zai riƙe ka. Ta ƙare da cewa shi dai ga Allah zai dogara, alhali maci amanar yana nan da ransa, ba abin da ya canja a waje.

Tun da can masu nazari da yawa suna danganta wannan zabura da Ahitofel, mashawarcin Dawuda, wanda aka ce a kwanakin nan shawararsa kamar an tambayi Allah ne. Labarin yana 2 Sama'ila 15. Absalom, ɗan cikin Dawuda, ya yi masa tawaye. Sarki ya fita daga Urushalima, ya haye rafin Kidron, ya kama hawan Dutsen Zaitun yana kuka, kansa a lulluɓe, ba takalmi a ƙafarsa, mutanen da ke tare da shi su ma suna kuka. A kan wannan hawan ne wani ya zo ya ce masa Ahitofel ma yana cikin masu tawayen. Ki lura da addu'ar da ya yi a wurin. Jimla ɗaya ce tak: ya roƙi Ubangiji ya mai da shawarar Ahitofel wauta. Mutumin da ya rubuta zabura masu yawa, ranar nan abin da bakinsa ya iya ke nan. Da ya kai ƙwanƙolin dutsen sai ga Hushai da yagaggiyar riga da ƙura a kansa, Dawuda ya mai da shi cikin gari ya je ya rushe shawarar. Ya yi addu'a, ya kuma yi dabara, a sa'a guda.

Abin da ya fi taɓa ni a surar nan shi ne abin da ya faɗa wa Zadok firist kafin hawan. An fito da akwatin alkawari za a bi shi da shi. Dawuda ya ce a mayar da shi cikin gari. Ya ce in ya sami tagomashi wurin Ubangiji zai komo da shi ya sake ganinsa. In kuwa Ubangiji ya ce ba ya jin daɗinsa, to ga shi nan, ya yi da shi yadda ya ga dama. Bai riƙe akwatin kamar laya don ya tilasta wa Allah ya ba shi nasara ba. Bai san yadda za ta ƙare ba, ya dai san hannun da ya faɗa ciki. Zabura 3, wadda rubutun da ke samanta ya nuna ta lokacin gudun nan ce, a cikinta ya ce ya kwanta ya yi barci, ya farka, domin Ubangiji na riƙe da shi.

Kin ce Allah ya ga abin nan ya yi shiru. Ba zan ce miki duk wanda ya dogara gare shi ba a buga ƙofarsa da dare ba, domin Littafi bai faɗi haka ba. A Ayyukan Manzanni 12 Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, a sura ɗaya kuma mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Ibraniyawa 11 ta lissafta waɗanda ta wurin bangaskiya suka tsere wa kaifin takobi, ta kuma lissafta waɗanda aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Mu ma mun gani da idonmu a ƙasar nan. A farkon Janairun 2020 'yan Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN), shugaban Ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na Michika a jihar Adamawa. A bidiyon da suka fitar, yana zaune a hannunsu, ya ce bai karaya ba domin duk halin da mutum ya sami kansa a hannun Allah yake. Ya ce da alherin Allah zai sake haɗuwa da matarsa da 'ya'yansa, in kuwa hakan bai yiwu ba, wataƙila nufin Allah ke nan. Ranar 20 ga watan suka kashe shi. Maganarsa da ta Dawuda ga Zadok kusan ɗaya ce. Dawuda ya koma gida, Baba Andimi bai koma ba, kuma ba wanda zai ce ɗaya ya fi ɗaya dogara.

Allahn da kike tambaya kuma ba daga nesa yake kallon cin amana ba. A daren da aka bashe shi, Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa har da na Yahuza, ya tsoma gurasa ya miƙa masa da hannunsa. A Yahaya 13:18 ya ɗauko Zabura 41:9 ya ɗora wa kansa, wato wanda ya ci gurasarsa ya juya masa baya. An yi cinikinsa azurfa 30, an nuna shi da sumba, a gindin Dutsen Zaitun ɗin da Dawuda ya hau yana kuka. Bitrus, wanda shi ma ya yi musunsa a daren, ya rubuta daga baya a 1 Bitrus 2:23 cewa da aka zage shi bai rama ba, da ya sha wuya bai yi kurari ba, sai ya miƙa al'amarinsa ga mai shari'ar gaskiya. In kin durƙusa kika ce masa an sayar da mijina, kina magana ne da wanda aka sayar.

Saboda haka kada ki ɗauka don bakinki ya rufe bangaskiyarki ta mutu. Matar da ta daina gaskata Allah ba ta zaunawa ta rubuta wasiƙa tana tambayar yadda za ta dogara gare shi. Ki ci gaba da durƙusawa ko da hawaye ne kawai za su fito. Romawa 8:26 ta ce sa'ad da ba mu san abin da za mu roƙa ba, Ruhu kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. In jimla ɗaya ta zo, ki faɗe ta ki tashi. Ki nemi mace ɗaya, ɗaya tak, mai riƙon asiri, zai fi kyau ta zama ba 'yar ƙauyenku ba, ta riƙa yin addu'a da ƙarfi kina cewa amin. Bayan Dawuda ya fita daga Kaila, Jonatan ya bi shi har jeji ya ƙarfafa shi cikin Allah. Ko Dawuda sai da ya bukaci wani. In zama a majami'a ɗaya da mutumin nan ya fi ƙarfinki, ku yi sujada a wata ikilisiya na ɗan lokaci, ba zunubi ba ne. In kun haɗu a hanya ya gaishe ki, ki amsa ki wuce, kada fuskarki ta nuna masa kun sani.

Rashin barcin maigidanki kada ku bar shi ga addu'a kaɗai. Wanda ya yi wata biyu a ɗaure yakan dawo da rauni a ciki: firgita da ƙarar babur, mugun mafarki, saurin fushi, zama shiru shi kaɗai. Nasa ya ninka, domin ya yi asarar amini a kan asarar dukiya, kuma maza ba su cika faɗin irin wannan ba. Kada ki matsa masa ya ba da labari, in ya fara kuwa ki saurara kada ki katse shi. Ku fara da babban asibitin da ya fi kusa a duba lafiyar jikinsa, ku gaya wa likita batun barcin a fili. In abin ya ci gaba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa cikin garin Kaduna, zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. In kika ji ya fara cewa gara ya mutu, ko ya koma shan giya don ya samu ya runtsa, kada ki jira, ki kai shi a ranar. Yaran ma sun ji bugun ƙofar nan. Wanda ya koma fitsarin kwance ko ya ƙi kwana shi kaɗai, kada a doke shi, a jawo shi kusa.

Ki sake rubuto mini bayan kun sami wurin zama, ki gaya mini yadda kuka ƙare da ƙannensa da kuma ko ya fara samun barci. Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku.

Mamanki cikin Almasihu.